Gurbi Uku Kacal Na Bari

Rubutun yau yana da ɗan tsawo, wanda datarsa ta kusa ƙarewa ya ajiye shi sai dare. Ba kuma na 'yan kwamfuta kaɗai ba ne, kowa zai iya bi.

Makon jiya na shiga ofishin sufabaizana da babi na biyu na aikin mastas ɗina. Bai ko buɗe ba, ya ce: "Malam, kafin mu zo nan, je ka karanto min yadda Linux ya faɗaɗa lambar shaidar masu amfani daga bit 16 zuwa bit 32. Minti goma na ba ka a semina." Na ce, "To, Dokta." A raina kuwa cewa na yi wannan ai tsohon zance ne, an gama shi tun ban shiga firamare ba.

Da daddare na zauna a ɗakin da nake haya nan Mubi. An ɗauke wuta, sanyin hunturu na gangarowa daga duwatsu, batirin laftof saura kashi arba'in. Na buɗe takardar bayanin Linux mai suna highuid. Gajeriya ce, ba ta kai tsawon wannan rubutun nawa ba. Wallahi kafin in kai ƙarshenta jikina ya yi sanyi, don ta tuno min da wani abu da na yi shekaru ina kauce wa tunawa.

Bari in fara da bayanin, sannan labarin.

Kowace kwamfuta tana da babbar manhaja mai tafiyar da ita. A tsakiyar wannan manhaja akwai ɓangaren da ake kira kanel, shi ne mai raba aiki, shi ke cewa wane ya buɗe wannan fayil, wane bai isa ba. To kanel bai san sunanka ba. Sunan da kake rubutawa in za ka shiga, don kai aka yi shi. Abin da kanel ya sani lamba ce: kowane mai amfani da lambarsa, kowane rukuni da lambarsa. Kamar dai lambar rajistarmu ta makaranta, wadda a takardar jarrabawa ta fi sunan da mahaifi ya raɗa maka aiki. In kana da Ubuntu, buɗe taminal ka rubuta id, yawanci za ka ga 1000. Lamba sifili kuwa ta root ce, babban mai iko, wanda babu ƙofar da ke rufe a gabansa.

Lokacin da Linus Torvalds ya fara Linux a 1991, yana ɗalibi a Jami'ar Helsinki, gurbin wannan lamba bit 16 ne. Bit guda sifili ne ko ɗaya. In ka jera guda 16, lambobin da za su samu 65,536 ne, daga 0 zuwa 65,535. Ta ƙarshen ma an keɓe ta, ba a ba kowa. Ga ɗalibi mai kwamfuta ɗaya a ɗakinsa, wannan ai ya yi yawa. Wa zai tara mutum dubu sittin da biyar a na'ura guda?

Sai ga shi Linux ya shiga manyan jami'o'i da kamfanoni, inda ake so kowane ɗalibi da ma'aikaci ya riƙe lamba ɗaya tak a dukkan na'urorin wurin. Ku lissafa da kanku: makaranta mai ɗaukar ɗalibai dubu goma duk shekara, in ba ta sake raba lambobin waɗanda suka gama ba, shekara bakwai ta cinye gurbin. Sake raba tsohuwar lamba kuma yana da nasa haɗarin, don sabon mai lambar zai gaji duk fayilolin da tsohon ya bari.

Ga wurin da ya fi ba ni tsoro. Lamba 65,536 in aka rubuta ta da sifili da ɗaya, ɗaya ce a gaba, sifili goma sha shida na biye. In ka tura ta cikin gurbi mai ɗaukar 16 kawai, ɗayar nan ta gaba ce za ta faɗi, sifili zalla ya rage. Sifili kuwa na ce muku lambar root ce. Wato sabon ɗalibin da aka yi wa rajista yau da safe, in wata tsohuwar manhaja ta datse lambarsa, sai ya tashi a matsayin mai ikon goge komai. Kamar lambar kilomita ta tsohuwar mota ce, in ta cika tara-tara sai ta koma sifili, motar ta zama sabuwa a ido.

To yanzu labarina.

A 2019, ina aji uku a digirin farko, wani bawan Allah mai cibiyar koyar da kwamfuta da darasin share fagen jarrabawa a cikin gari ya nemi in yi masa manhajar rajista. Ba zan faɗi sunansa ko na wurin ba, don laifin da zan ba da labari nawa ne. Dalilinsa na son kwamfuta mai ƙarfi ne. Ranar 29 ga Oktoba 2014 da Boko Haram suka shigo Mubi, kowa ya gudu da abin da ke jikinsa, wasu ta daji, wasu har Kamaru. Da ya dawo bai tarar da littafin rajistarsa ba. Ya ce min: "Ɗana, ina son abin da zan sa a filash in jefa aljihu." Na ce, "Baba, an gama."

Na yi aikin cikin mako uku, ina ji da kaina. Teburi biyu ne manya a rumbun bayanan: na ɗalibai, da na biyan kuɗi. Da na zo kan lambar ɗalibi sai na tambaye shi mutum nawa gare shi. Ya ce ba su kai ɗari uku ba. Na bar wa lambar gurbi uku, 001 zuwa 999, na kuma ajiye ta a matsayin rubutu don sifilin gaba ya riƙa fitowa, ya yi kyau a ido. Na tuna sarai na ce a raina, kafin su kai dubu ai an daɗe. Ya biya ni, na sayi sabon batirin laftof da takalmi.

Allah Ya sa wa wurin albarka. A 2022, ina bautar ƙasa a wata jiha, ya kira ni ya ce sun kai 990, me za a yi? Na ce abu mai sauƙi ne. Da na zo hutun Sallah na shiga, na faɗaɗa gurbin a teburin ɗalibai zuwa shida, na gwada rajistar mutum na dubu, ta shiga lafiya. Minti goma ban yi ba. Na sha lemon da aka kawo min na tafi.

Teburin biyan kuɗi ban taɓa shi ba. Na manta shi ma yana ɗauke da lambar, kuma har lokacin gurbinsa uku ne.

Abin da ya biyo baya shi ne, in an shigar da kuɗin ɗalibi mai lamba 1007, rumbun sai ya ɗauki haruffa ukun farko ya zubar da na huɗu, ya rubuta 100. Bai tsaya ba, bai yi ƙara ba, ɗan gargaɗin da yake bayarwa kuma manhajata ba ta nuna wa kowa. Daga 1000 zuwa 1009, duk kuɗinsu ya tafi kan mai lamba 100, yaron da ya gama ya bar wurin tuntuni. Daga 1010 zuwa 1013 ya tafi kan 101. Mutum goma sha huɗu, kowanne ya biya naira dubu goma sha biyar, amma jerin masu bashi ya nuna ko sisi ba su biya ba.

Mai karɓar kuɗin wurin wata baiwar Allah ce da ta girme ni da 'yan shekaru, Anti muke ce mata. Ita ke riƙe da ƙannenta tun rasuwar mahaifinsu. Da hannu take rubuta rasit, sannan ta shigar a kwamfuta, kuɗin kuma ana haɗa su da na fotokwafi da na buga takardu a miƙa ƙarshen mako, ba mai bin diddigi. Da aka aika wa iyaye takardar tunin bashi, sai suka zo da rasit ɗinsu a hannu, da rubutunta da sa hannunta. Kwamfuta ta ce ba a biya ba, rasit ya ce an biya. Ku da kanku kun san wanda za a zarga. Ba wanda ya ce kwamfuta ta yi ƙarya. Aka ce Anti ta zauna a gida sai an gama bincike, naira dubu ɗari biyu da goma a wuyanta.

Nan ne wurin da na fi jin kunya. Kwana biyu da faruwar abin wani abokina da ke koyarwa a wurin ya kira ni yana ba ni labari, ya ce abin mamaki, duk sababbin ɗalibai ne. Yana faɗin "sababbi" gabana ya faɗi. Na san inda matsalar take, ko a ce na yi zato mai ƙarfi. Amma na yi shiru. Na ce wa kaina ina nesa, ban tabbatar ba, bari in ga hutu. Gaskiyar magana tsoro nake ji a ce yaron nan da ake yabo shi ya ɓata. Kwana bakwai na ƙara ina jan ƙafa. A cikin kwanakin nan magana ta zaga unguwarsu, har ta kai gidan da ke neman aurenta.

A rana ta tara na kasa barci. Na kira abokin nawa na ce ya buɗe teburin biyan kuɗi ya karanto min layukan ƙarshe. Ya ce: "Kai, wannan mai lamba 100 ɗin sau goma ya biya a wata ɗaya!" Shi ke nan. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na kira mai wurin na ce, "Baba, kuɗinka na nan, ba wanda ya taɓa. Ni na yi kuskure." Ya yi shiru har na zaci layin ya yanke, sannan ya ce, "Innalillahi. Mun ɗauki alhakin yarinyar mutane." Washegari da kansa ya je gidansu da limamin unguwa ya wanke ta a gaban 'yan uwanta.

Ta koma aiki. Ni kuma na gyara gurbin, na mai da kowane kuɗi kan mai shi. Na ba ta haƙuri a waya kan kuskuren manhaja, ta ce ba komai, ƙaddara ce. Amma kwana bakwai ɗin nan da na yi shiru, ban gaya mata ba.

Yanzu ku dawo mu ga yadda mutanen Linux suka yi da irin wannan matsala, ku gane abin da ya sa jikina ya yi sanyi.

Takardar highuid, Chris Wing na Jami'ar Michigan a Amurka ne ya rubuta ta, tana ɗauke da kwanan watan Janairun 2000. Gyaran ya isa hannun jama'a a Linux 2.4, wanda ya fito a Janairun 2001. Daga bit 16 aka koma 32, lambobi sama da biliyan huɗu, 4,294,967,296. Faɗaɗa lambar a cikin kanel shi ne ɓangare mai sauƙi, irin minti goman nan nawa. Wahalar tana wajen bin duk inda lambar ke ratsawa.

Na farko, tsofaffin manhajoji. Akwai dubbai da aka riga aka harhaɗa, waɗanda in sun tambayi kanel lambar mai amfani, gurbin 16 suka tanada don amsa. Ba a fasa musu hanyarsu ba. An bar tsofaffin ƙofofin tambaya yadda suke, aka buɗe sababbi a gefe masu 32 a ƙarshen suna, irin su getuid32 da chown32. Tsoho ya ci gaba da bin tsohuwar ƙofa, sabo ya bi sabuwa.

Na biyu, kuma wannan ya fi burge ni: me za a ce wa tsohuwar manhaja in mai lamba 70,000 ne a gabanta? Ba a yarda a datse ba. An ware lamba ta musamman, 65,534, wadda a yawancin na'urori ta nobody ce, wato "ba kowa", asusun da bai mallaki komai ba. Duk lambar da ta fi ƙarfin tsohon gurbi, wannan ake miƙawa a madadinta. Hikimar ita ce, in dole sai an yi kuskure, gara a ɗauke ka a matsayin wanda ba shi da iko, da a ɗauke ka a matsayin root ko a matsayin wani mutum daban. Har yau lambar na nan, mai Linux ya duba /proc/sys/kernel/overflowuid zai gan ta. Da manhajata na da irin wannan, da kuɗin nan sun taru a wani kwando mai suna "ba a san mai shi ba", da tun ranar farko an gane.

Na uku, faifan ajiya. Kowane fayil yana ɗauke da lambar mai shi a rubuce a kan faifai. Tsarin ext2, wanda Rémy Card ya fitar a 1993, gurbin 16 ya ba lambar. Sai dai an bar wasu 'yan gurabe fanko a bayanin kowane fayil saboda gaba. A nan aka zuba rabin lambar na sama, ba tare da an ce kowa ya goge faifansa ya sake ba. Wurin da aka bari fanko a 1993 shi ya yi rana bayan shekara bakwai.

Na huɗu, takardar ba ta ce an gama ba. Mafi yawanta jerin abubuwan da suka rage ne: tsarin ƙayyade wa kowa wurin ajiya, tsarin lissafin ayyuka, sauran nau'o'in faifai da ba su san sabuwar lamba ba. Mutumin ya zauna ya rubuta wa duniya inda aikinsa bai kai ba, ya sa sunansa a ƙasa. Ni kuwa lemo na sha na tafi.

Kada ku ɗauka abin ya tsaya a tarihi. Wayar Android da kake karanta wannan da ita, kanel ɗin Linux ne a cikinta. Kowace manhaja da ka sauke ana ba ta lambar shaidarta, daga 10,000 zuwa sama, shi ya sa wata ba ta iya leƙa bayanan wata kai tsaye. In aka buɗe wa mutum na biyu asusu a wayar, lambobinsa suna haura 100,000. Da gurbin na nan a 16, wannan tsarin ba zai yiwu haka ba.

Kuma manya ma suna faɗawa ramin. Tsohon fayil na Excel mai ƙarewa da xls layi 65,536 kawai yake ɗauka, lambar nan dai tamu. A Oktoban 2020, lokacin korona, hukumar lafiyar jama'a ta Ingila ta bayyana cewa sakamakon mutum 15,841 da suka kamu bai shiga ƙididdiga a kan lokaci ba, saboda fayilolin sun cika, abin da ya haura ya zube. Mutanen da suka yi hulɗa da su ba a neme su da wuri ba. Akwai ma wata a gaba: na'urorin da ke ƙirga lokaci da bit 32 mai alama, ƙirgarsu za ta cika ranar 19 ga Janairu 2038, ana ta aikin faɗaɗa ta tun yanzu.

Na yi seminata ranar Talata. Na bi bayanin kanel tiryan-tiryan, da na zo ƙarshe sai na ba da labarin gurbi uku, ban da sunaye. Aji ya yi dariya a wurin "sau goma ya biya", da na kai kan Anti kowa ya yi tsit. Dokta bai ce komai a kai ba sai da muka fito. Ya ce, "Malam, ita baiwar Allahn ta san ka sani tun kwana na biyu?" Na ce a'a. Ya ce, "To aikinka bai ƙare ba."

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci na hau keke na je gidanta. Ta yi aure, da ɗanta ɗaya, ba kuma gidan da suka fara nema ba ne, ban tambayi dalili ba, ita ma ba ta faɗa ba. Mijinta ya shimfiɗa mana tabarma a zaure. Na ce, "Anti, akwai abin da ban faɗa miki ba." Na faɗa mata duka. Ta daɗe tana kallon ƙasa, sannan ta ce: "Ƙanina, kwana bakwai ɗin nan su suka fi min tsawo a rayuwa. Ko rijiya ba na iya zuwa. Da ka kira ko da zato ne, da na samu abin riƙewa." Ta ce ta yafe, amma in bar ta ta ɗan huce kafin in sake zuwa. Na ce ta yi gaskiya. Ita ce kuma ta ba ni izinin rubuta wannan, da sharaɗin kada in ambaci suna.

Ƙannena 'yan aji huɗu masu furojet, na san rabinku manhajar rajista kuke yi, ta asibiti, ta makaranta, ta adashi, wasu har ana karɓa a yi aiki da ita da gaske. Ga abin da na roƙe ku. Ku bar wa lamba gurbi mai yalwa, ba ya cin komai. In kun canza faɗinta a wuri ɗaya, ku ɗauki biro ku lissafa duk inda take bi: teburi, fom, rasit, rahoto, fayil ɗin da ake fitarwa. Ku gwada mutum na 1,000 da na 65,536 tun kafin su zo. Ku saita rumbunku ya ƙi karɓar abin da bai shiga ba, ya tsaya ya yi ƙara, maimakon ya datse a ɓoye.

Ku kuma 'yan sauran sassa da gobe za ku zama shugabannin makarantu, akantoci da ma'aikatan asibiti: ranar da kwamfuta da mutum suka saɓa, ku sa a binciki kwamfutar ma kafin a kori mutumin. Irina ne suke rubuta ta.

In kuma kana da zaton kuskurenka ne ke cin wani yanzu haka, kada ka jira tabbaci. Ɗauki waya yau.

Allah Ya yafe mana, Ya ba masu jarrabawa sa'a. Babi na biyu na nan yana jirana.